Hayaniyar aji tana da shugaba

Ka ce ajinka na CM1, aji biyar na firamare, ya gagare ka, da ka juya ka kama alli sai wuri ya zama kasuwar Litinin, kana tambaya ko ka koma ga bulala. To ɗana, batun shirya darasi kafin ka shiga da riƙe sunan kowane yaro ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai san wannan ba ya ajiye alli ya nemi kabu-kabu.

Hayaniyar aji tana da shugaba. Akwai yaro ɗaya, ko biyu, da sauran ke kallon idonsa kafin su yi dariya. Shi za ka nema. Ni na taɓa kama irinsa, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Lokacin ina riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare, nan cikin Maradi, akwai ɗan wani Alhaji mai ɗauko kaya daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Yaron ya maimaita aji, ya fi kowa tsawo, yana can bencin baya yana kukan akuya, yana harbin ƴan mata da roba. Malaman da suka gabace ni sun dake shi har fatarsa ta saba. Alhaji ya zo gidana da kansa, ya cire takalmi, ya ce: "Mushe, na ba ka amanar yaron nan. Jika biyar duk wata, in ya ci satifika ragon layyarka na wuyana."

Ban taɓa shi da ko tsinke ba. Na ɗauko shi daga baya na ajiye gaba, na damƙa masa mabuɗin kabad da kwalin alli, shi ke rubuta kwanan wata a allo, shi ke jan hadda. Yaron da ke son a kalle shi, ka ba shi inda za a kalle shi. Kafin hutun Disamba shi ke tsawata wa masu surutu, abokan ɓarnarsa kuma sun rasa mai ja musu gaba. Bayan magariba yana zaurena muna lissafi da dikte, wato shifta, kananzir ɗin fitila daga aljihuna. Duk ƙarshen wata in na tuna wa Alhaji sai ya ce in yi haƙuri, kaya na hannun dwan, wato kwastan.

Sakamako ya fito, yaro ya ci. Na sa babbar riga na tafi barka. A gaban jama'a mutumin nan ya ce ai rubutun da wani malami ya ba yaron ya sha ne ya buɗe masa kai. Da na yi maganar alkawari sai ya yi dariya, wai ai aikina ne, gwamnati na biyana. Ya miƙo mini goro biyu. Goro! Layyar waccan shekarar sai bashi na ci. Yau yaron da manyan motocinsa, in ya gan ni bakin hanya sai ya ɗaga gilashi. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Bulala kuwa ka manta da ita. An hana, kuma iyayen yanzu kafin ka ajiye ta sun kai ƙararka wurin sufeto. Ihu ma kada ka yi. Ka tsaya cik ka zuba wa mai surutu ido har shirun ya dame shi. Kuma kada ka bar hannunsu babu aiki: wanda ya gama, ƙara masa wani a kan ardwaz, ɗan allonsa na hannu. Zafin Afrilu, yaron da ya fito ko kunu bai sha ba, ba iskanci ke damunsa ba, ka sa darasi mai nauyi da sassafe.

Ku samarin yanzu ma kuna da naku. Ka ba yara kwafi, ka zauna kana latsa WhatsApp, sannan ka zo kana kukan ba su jin magana! Ka zagaya tsakanin benci, ƙafarka ba za ta karye ba.

In wani uba ya nemi ka yi wa ɗansa darasin gida, ka karɓi kuɗinka farkon wata, ko limami ne. Gobe ka zana mini yadda ka zaunar da su, in ga wa ka ajiye kusa da wa.