Amsa: Windows da L ba ya kulle allo a asusun Administrator

Malam, ka ce a asusun yaranka allon yana kulluwa lafiya, amma a na Administrator, wato asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar, ko ka danna maɓallan Windows da L babu abin da ke faruwa. Wannan ya nuna matsalar ba ta kibod ba ce, saiti ne da ya shafi wannan asusun kaɗai.

Danna Windows da R, ka rubuta regedit don buɗe rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, ka bi HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System. Idan ka tarar da DisableLockWorkstation yana kan 1, mai da shi 0, ka fita daga asusun ka sake shiga. Mai yiwuwa masu gyara ko wata manhaja ce ta taɓa wurin. Kada ka goge wani abu daban a can, rajista ba wurin wasa ba ce.

Sannan duba ko asusun yana da kalmar sirri. In babu, allon zai kulle, amma kowa ya danna Enter ya shige.

A ganina ma, ka buɗe asusu na talakawa, wato Standard marar ikon Administrator, don aikin yau da kullum, ka bar Administrator sai za ka girka manhaja. In kwamfutar ta ofis ce, mai kula da ita ne zai gyara, domin dokar da ya kafa za ta dawo da saitin.