Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ke ƙirga waƙoƙin da muke ji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Kullum sai in ga an ce albam ɗin wane ya zo na ɗaya a Najeriya, kuma duk mawaƙan Kudu ne. Alhali daga Kwangila har Ƙofar Doka, duk keken da na shiga waƙar Hausa ke tashi. Son kai ne, ko yaya ake lissafin?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi saurin cewa son kai. Masu haɗa jadawalin nan da ke jera albam daga na ɗaya zuwa ƙasa ba sa bin mutane suna tambayar wace waƙa suka fi so, abin da na'ura ta ƙirga shi suke ɗauka. A Amurka, tun 2014 jadawalin Billboard 200 ya fara sa sauraro ta intanet cikin lissafi. A 2018 suka ƙayyade cewa sauraro 1,250 na masu biyan kuɗin wata, ko 3,750 na masu ji kyauta da talla, shi ne daidai da sayar da albam guda. Namu na gida, TurnTable, ya fara a 2020, yana tattara alƙaluma daga gidajen rediyo da manhajoji irin su Audiomack, Boomplay da YouTube.

To yanzu dubi yadda waƙa ke iso mana. Mai turi a PZ ya sauke sabon albam sau ɗaya. Kai ka kai masa memori ya cika maka, ka koma ɗaki ka tura wa abokanka ta Xender, direban keke ya karɓa a wajen wani, mai kiɗan biki ya sa shi a Tudun Jukun har dare ya raba. Unguwa ta haddace waƙar, amma a wajen na'ura mutum ɗaya tak ya ji ta. Ba yau aka fara ba. Zamanin kaset ma haka masu rikodin ke kwafa a kasuwar Sabon Gari, sai dai a lokacin babu wanda ke jiran jadawali.

Ni dai ina ganin laifin wasu mawaƙan namu. Tun Yulin 2015 duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin albam, shi ya sa makon ƙirga daga Juma'a yake farawa ya ƙare Alhamis. Namu kuwa sai ya saki waƙa ranar da ya ga dama, kafin ya ɗora ta a shafinsa ta riga ta bazu a wuraren saukewa kyauta, kowa na cin riba ban da shi. In kana son gwaninka ya hau, ka saurare shi a shafinsa na ainihi, ko da data za ta yi kuka.

TAMBAYA: Malam, ni da yayana muna musu a gida nan Tudun Wada. Ya ce albam ɗin da ya fi kasuwa shi ake bai wa Grammy. Haka ne?

AMSA: Ki ba Yaya haƙuri, 'yar'uwa, wannan karon ke ce da gaskiya. Grammy ƙuri'a ce ta 'yan ƙungiyar Recording Academy, wato mawaƙa, marubutan waƙa da masu haɗa sauti, kuma ciniki ba ya cikin sharuɗɗanta. Made in Lagos na Wizkid ya fito a Oktoban 2020, waƙar Essence da ke cikinsa ta shiga goman farko a Amurka, amma a 2022 Angelique Kidjo 'yar Benin ce ta tafi da kyautar albam ta rukunin kiɗan duniya da suka yi takara a kai. Ita ce dai ta kayar da African Giant na Burna Boy a 2020, sai a 2021 ya ɗauka da Twice as Tall. Albam ɗinsa I Told Them kuma ya zo na ɗaya a Birtaniya a 2023, da aka je Grammy na 2024 ƙungiyar Shakti, masu gauraya kiɗan Indiya da jaz, suka yi gaba da ita. Ki tambayi Yaya ko ya taɓa jin ko sunansu.