Amsoshin tambayoyinku: ƙananan ƙwari a akwatin tarantula, babban gizo-gizo mai gashi da ake kiwo

Wani ɗalibi daga Barnawa ya rubuto: "Malam, wata huɗu ke nan da na sayi tarantula, irin mai nannaɗaɗɗen gashin nan. Tun shigowar Agusta nake ganin wasu fararen ƙwari kamar garin dusa suna yawo a bakin kofin ruwanta. Abokina ya ce in ɗiga Sniper a auduga in ajiye a kusurwar akwatin. In saya, ko akwai wanda ya fi shi?"

Ƙanena, don Allah kada ka saya, kada ma ka karɓa kyauta. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dikulobos, tururinsa kaɗai yana kashe ƙwaro ta hanyar lalata jijiyoyinsa. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin da masu kiwo ke kira mait dangin kaska ne, kaska kuwa da gizo-gizo 'yan gida ɗaya ne, duk masu ƙafa takwas. Abin da zai kashe su zai kashe tarantularka. Haka fiya-fiya, da feshin sauro, da igiyar leƙo, da hodar ƙwarƙwatar kaji. Ranar da za a yi feshi a ɗakin, ɗauke akwatin ka kai wani ɗaki, kada ka dawo da shi sai iska ta wanke ɗakin tas.

Kafin komai ma, ɗauki wayarka ka matso da hoton, ka hura musu iska kaɗan. Idan suka yi tsalle suka watse, ba mait ba ne, wasu ƙwari ne masu cin funfuna, waɗanda masu kiwo a Turai da Amurka har saye suke yi su zuba a akwati. Ka bar su. Idan kuwa 'yan kewayayyu ne masu tafiyar hawainiya, to mait ne, kuma galibinsu 'yan kalace ne, ba jinin gizonka suke sha ba. Tarantula ba ta tauna abinci ta haɗiye. Narkar da shi take yi ta tsotse, ta bar ɗan dunƙule kamar tuƙar rake. Wannan tuƙar, da mataccen gyare da ya ɓuya a lungu, da laimar Agustan Kaduna lokacin da ko wanki ba ya son bushewa, su ne suka tara maka baƙin. Kaɗan daga cikinsu ba komai ba ne. Inda abin ke ɓaci shi ne su yi yawa har su taru a bakinta, ko a ƙofofin huhunta guda huɗu da ke ƙarƙashin ciki, musamman lokacin saɓa da jikinta ke da taushi.

Kuɗin maganin nan ka sayi dogon hantsaki da su. Duk abin da ba ta ci ba cikin sa'a 24, cire shi. Nemi tuƙar, sau da yawa a kusurwa ɗaya take jibge ta ko ta jefa a ruwa. Wanke kofin da ruwan zafi. Daina yayyafa ruwa, ka bar saman ƙasar ya bushe, amma kofi kullum a cike, domin mait ba su jure bushewa, babbar tarantula irin taka kuwa za ta jure muddin tana da ruwan sha. Ƙara ramuka a gefe biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Idan akwatin roba ne, ƙusa mai zafi ta isa. Da dare kana iya sa guntun mataccen gyare a murfin kwalba, da safe ka ɗauke shi da duk waɗanda suka taru a kai. Sai in ka ga sun dafe a bakinta ne za ka mayar da ita wani akwati mai tsabta ka zubar da ƙasar gaba ɗaya. Kada ka kama ta da niyyar kankare su, cikinta na iya fashewa in ta suɓuce ta faɗi.

Wata 'yar'uwa daga Unguwar Rimi ta ce: "Bulon ɓawon kwakwa da ake kawowa don shimfiɗa a akwatin tarantula ya yi tsada. In ɗebi ƙasa wajen masu sayar da furanni, ko dusar katako daga Panteka?"

'Yar'uwa, dusar katako ki bar ta inda take. Ba ki san itacen ba, ba ki san abin da aka shafa masa don gara ba, kuma wasu itatuwan masu ƙamshi man jikinsu ma guba ne ga gizo. Ƙasar masu furanni an haɗa ta ne don shuka, da kashin kaji ko na shanu, wani lokaci da takin zamani, ga ƙwan ƙwari iri-iri. Ni ɓawon kwakwar zan zaɓa. Bulo ɗaya in an jiƙa yana kumbura ya cika akwati, kuma ba abu ne da ake canzawa kowane wata ba. Shimfiɗar da ake tsaftacewa tana iya shekara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jiƙa yau a zuba yau. Ki matse shi, ki baza a tire a rana har sai in kin damƙa ruwa bai ɗigo ba.

In dole sai ƙasa, ki samo daga wurin da kika tabbata ba a feshi ba a zuba taki, ki tankaɗe, ki turara a tsohon madambaci kamar sa'a guda, ki shanya. Amma ki sani turarawa tana kashe na ciki ne kawai, ba ta hana sababbi zuwa. Ki kuma tambayi mai sayarwa wace iri ce taki. Tarantular ƙasar Cile mai ruwan hoda busasshiyar ƙasa take so, babbar 'yar Kamaru mai haƙa rami kuwa sai da danshi a ƙasan shimfiɗa. Ita wannan ba a busar mata da akwati, iska ake ƙara mata.

Wani magidanci daga Kawo ya tambaya ko ya ci gaba da kamo fara da gyare a bayan gida maimakon sayen tsutsar dusa, ya kuma ce yana ganin ƙananan ƙudaje masu gudu a jikin gilashi.

Malam, farar damina daga gonakin da aka yi wa feshi take fitowa, ba zan ba ka shawararta ba. Kiwata abincin da kanka. Sai dai robar tsutsar ita ce babbar mahaifar mait, don dusa in ta ja laima nan take suke cika ta. Ajiye ta nesa da akwatin, kada ɓawon kayan lambu ya kwana a ciki, ka kakkaɓe tsutsa kafin ka jefa.

Ƙudajen nan da suka fi son gudu a kan tashi, a mushe suke yin ƙwai, don haka akwai abin da ya mutu a ciki. Nemo shi yau. Idan ka ga wani farin abu mai danƙo a bakin tarantula tana ƙin abinci, ware ta nan da nan, kada hantsakinta ya taɓa wani akwati, domin alama ce ta ƙananan tsutsotsin baki, kuma da wuya a tsira daga gare su.

Akwai wanda ba ka ambata ba, ni kuwa shi na fi tsoro a garin nan: kiyashi da cinnaka. Ƙanshin mataccen gyare ke jawo su, kuma in suka tarar da ita kwance rigingine tana saɓa, ba ta da yadda za ta kare kanta. Janye teburin daga jikin bango, ka sa ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa, ka riƙa duba ruwan a kai a kai, musamman da hunturu da yake saurin ƙafewa.