Kun Tambaya: Ba-haya a Daji, da Abin da Ya Kamata a Saya Kafin a Tashi

Wani matashi daga Aboabo, a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ya rubuto cewa su shida ne za su zaga ƙauyukan bakin tafkin Bosomtwe a ƙafa, kwana biyu a tanti. Ya ga ana tallan masai na roba mai naɗewa a intanet, sidi 400, yana tambaya ko su haɗa kuɗi su saya.

Ɗana, ku bar kuɗinku a aljihu. Wannan kujera ta masu tafiya da mota ce, kai kuwa a bayanka za ka goya ta, kuma ledar da ke ƙarƙashinta sai ka nemi inda za ka kai ta. Ku shiga kasuwar Kejetia ku sayi ɗan ƙaramin shebur na lambu, na ƙarfe, don na roba karyewa yake a jar ƙasa idan rani ya yi. Ku haɗa da buta, sabulu, da leda mai kauri. Idan akwai makewayi a ƙauyen da kuka sauka, ku biya 'yan kuɗin ku shiga, ya fi komai. Inda babu, mai buƙata ya ƙirga taku 70, wato kamar mita 60, daga ruwa, daga hanya, daga wurin kwana. A Bosomtwe wannan na nufin hawa tudu, domin tafkin a cikin kwari yake, babu kogin da ke fita daga cikinsa, duk abin da ruwan sama ya wanko nan yake zama. Ya haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi guda, faɗinsa kamar tafin hannu. Idan ramin bai kai haka ba, kare ko ruwan sama zai tone shi, ƙuda su bi. Idan ya zarce da yawa, an wuce baƙar ƙasar sama, wadda a cikinta ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta suke. Tsarki a kan ramin za a yi shi, sannan a tura ƙasa da sanda a rufe, a danne da ƙafa. Shebur na haƙa ne kaɗai, kada ya taɓa najasa, tunda jakar da abincinku yake ciki zai koma. Kowa ya yi raminsa a wuri daban. Kada a tsuguna a kan ramin da aka tarar a buɗe, mai yiwuwa gidan maciji ne ko kunama, kuma kada a je babu takalmi. Gonar koko ta mutane ba daji ba ce. Addini ma ya hana ba-haya a kan hanya, da inuwar da mutane ke zama, da mashayar ruwa.

Wata baiwar Allah daga Asawase ta ce buta da ruwa nauyi gare su, ta ga jiƙaƙƙen tishu irin na goge jarirai, an rubuta a jikinsa wai yana ruɓewa da kansa. Ko ta sayi fakiti uku ta huta?

Ƙanwata, a nan zan daɗe, domin abin nan ya ishe ni. Yawancin jiƙaƙƙen tishun da ke kasuwa da zaren roba aka saƙa shi. Ki ja guda ɗaya da hannu biyu: idan ya miƙe bai yage ba, to ko kin binne shi damina za ta tono shi yana nan fari fat. Rubutun jikin leda kuwa kowa na iya buga shi. Kayan da babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ban ga dalilin da za ki yarda da alƙawarinsa ba, balle ki shafa shi a jikinki. Kuɗin fakiti ukun nan ya isa buta da sabulu har da canji, kuma buta ba ta ƙarewa. Rabin lita, wato ledar fiya wata guda, ya wadatar wa tsarki ɗaya da wankin hannu idan ba a yi ɓarna ba. Wanda ya ce lalle sai tishu, to ya saka wanda ya yi amfani da shi a leda, ya ƙulle, ya saka a leda ta biyu, ya dawo da shi gari. Kada a ƙona shi, musamman da hunturu. Manyanmu ba su manta da gobarar daji ta 1983 da ta cinye gonakin koko ba. Sai kuma ɗabi'ar da wasu ke ɗauka daga unguwa su kai daji, a yi a baƙar leda a ƙulle a wurga. Wannan ya fi yi a fili muni, don leda na hana ƙasa aikinta, ƙazantar na nan da ɗanyenta har ranar da akuya ko ruwa zai fasa ta. Kwalarar 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, Accra ce ta fi shan wuya, kuma hanyar cutar ɗaya ce, daga bayan gida zuwa ruwa ko hannu, daga nan zuwa baki. Mutanen ƙauyen da kika je yawon buɗe ido wajensu, rafin nan suke sha bayan kin hau trotro, motar haya, kin dawo Kumasi. Sanitaiza ma ki duba, idan sinadarin alkohol ɗinsa bai kai kashi 60 cikin 100 ba, turare kika saya. Mai kyan ma ba ya aiki a hannun da ke da datti, sabulu da ruwa ne gaba.

Wata Hajiya daga Tafo hankalinta ya tashi: makaranta za ta kai 'yarta hawan dutsen Afadjato a yankin Volta, kuma ranakun sun dace da al'adarta. Ko ta hana ta?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki bar ta ta je, Allah ya tsare. Hawan da saukar ba ya cin yini. Ki ba ta audugar mata fiye da yadda take amfani da ita a gida, da ƙananan leda masu zif, da baƙar leda guda da za ta rufa mata asiri, da ɗan sabulu da zani na kariya. Ta canza a makewayin da ke ƙauyen gindin dutsen kafin a fara hawa. Wadda ta cire ta naɗe a takarda ta saka a leda ta dawo da ita. Ba a binnewa, ba a jefawa a salga. Ki ja mata kunne kada ta rage shan ruwa don gudun fitsari, abin da ke sa 'yan mata jiri a kan dutse ke nan. Idan za ta kewaya, ta gaya wa malamarsu, ta tafi da ƙawa ɗaya.

Wani kuma yana son sunan ƙwayar da za ta ɗaure masa ciki kwana uku, don kada ya tsuguna a daji ko sau ɗaya.

Malam, ba zan ba ka ba. Ƙato da kai haƙa rami na minti biyu ya gagare ka? Maganin tsayar da gudawa na mai gudawa ne, shi ma ba a shan sa idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida. Abin da ya kamata ya kasance a jakarka shi ne ORS, garin haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, daga shagon magani mai lasisi. Idan ya ƙare, ledar fiya wata biyu, lita ɗaya ke nan, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa kamar ruwan shinkafa kuwa, a bar tafiya a nufi asibiti nan take.

Na ƙarshe ya tambaya ko fitsari a cikin tafki lokacin iyo yana da wata illa. Yana da ita. Ƙwan tsargiya ta fitsari yake shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi, daga nan tsutsar ta huda fatar yaran da ke wanka. Ka fito, ka yi taku 70 ɗin nan, ka yi a kan tsakuwa ko busasshiyar ƙasa.