Tambaya da Amsa: An ce batir zai kai asuba, sha ɗaya yake mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da wani mai haɗa sola ya sa mini inbata 3.5kVA, batir biyu masu 200Ah, da farantai huɗu da aka rubuta 350W a bayansu. Ya rantse za su riƙe firij, talabijin, fanka uku da ƙwayayen fitila har asuba. Da farko muna kaiwa biyun dare, yanzu kafin sha ɗaya inbata ta fara kuka. Na kira shi, wai zafin Gombe ne. Cuta ta aka yi? Daga wani magidanci, Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ko da kayan nan na gaske ne, alkawarin asuba ƙarya ne tun ranar ciniki. Ɗauko biro. Batir mai 12V da 200Ah yana ɗaukar wat-awa 2,400 (12 sau 200), biyu 4,800 ke nan. Batirin darma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, sannan inbata ma tana cin nata kaso, sai a bar ka da kusan 2,000. Kayanka kuwa, firij kamar wat 150, talabijin 80, fanka uku 210, ƙwayaye shida 60, sun tashi wat 500. Raba 2,000 da 500, awa huɗu ke nan. Biyun daren da kake kaiwa da farko, tatse batirin ake yi har ƙasa kullum, abin da ya tsufar da shi da wuri ke nan.

Zafi yana da nasa laifin: batirin da ke zaune a ɗaki mai zafi ba ya daɗewa, kuma ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantai idan ba a gogewa. Amma shi ma mai haɗa solar a garin nan yake, ya san Maris da Afrilu kafin ya karɓi kuɗinka.

Sai ka duba ko akwai algus. Takardar da ke manne a bayan faranti kowa na iya buga ta, don haka sa tef ka auna. Murabba'in mita ɗaya wat 200 yake bayarwa ko sama kaɗan. Farantin da tsawonsa mita ɗaya da rabi ne, faɗinsa santimita 70, ba zai taɓa zama 350W ba. In haka naka suke, da wuya batirinka ya riƙa cika. Shi ma batirin a cire shi a ɗora a sikeli, ko na masu hatsi ne: na ƙwarai yakan kai kilo 55 zuwa 65, in ka ga 40 da 'yan kai an rage darma. Wayar da ta haɗa batir da inbata kaurinta ya zama 35mm², a kankare bakinta da wuƙa. In fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, irinsa ke ɗaukar zafi ya narka roba. Bireka mai yanke wuta in ta yi yawa ta ɓangaren batir kuma sai mai rubutun DC, ta wutar NEPA ba ta wannan aikin.

Ka nemo wani ma'aikacin daban ya auna a gabanka, ku ɗauki hoto. In mutuminka ya ƙi gyara, kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da rasit ɗinka. Kayan jabu kuma hurumin hukumar kula da ingancin kaya, SON, ne.

Tambaya: Wanda zai yi mini wayarin da sola ya nuna mini satifiket a wayarsa, kowa injiniya yake ce masa. Ya wadatar? Daga wata uwargida, Fadaman Mada, Bauchi.

Amsa: Hajiya, a ƙasar nan duk mai riƙe da tasta injiniya ne. Karanta takardar da kyau. Rajistar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sunan kasuwanci kawai take tabbatarwa. Shaidar halartar bitar kwana uku da kamfanin inbata ya shirya ba lasisi ba ce. Wadda ke ba mutum izinin haɗa wutar gida ta hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, NEMSA, ce, tana da lamba da ranar ƙarewa, kuma ana sabunta ta. Takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ko ta hukumar jarrabawar sana'o'i, NABTEB, na nuna ya koyi aikin. Mai cewa shi injiniya ne na gaske kuwa ya kawo lambarsa ta hukumar rajistar injiniyoyi, COREN. Ki nemi ganin ta asali, sunan da ke jiki ya dace da katin shaidarsa, don wasu da takardar ubangidansu suke yawo.

Akwai ƙwararru da yawa da a gaban maigida suka koya, ba takarda. Irinsu a je a ga gida biyu da suka yi wa aiki shekara ta zagayo. Ko wanne kika ɗauka, ya rubuta lambar jikin kowane batir da faranti a rasit, da watannin garanti, da kayan da za a kunna da awoyin da za su yi. Ki riƙe cikon kuɗinsa sai an kwana uku ana gwadawa da firij a kunne.