Baftismar jarirai da ikkilisiyar ECWA

'Yar'uwa, kin ce an yi miki baftisma kina jaririya a ikkilisiyar iyayenki, yanzu kina sujada a ECWA, kina tambaya ko sai an sake. I, idan kina so ki zama cikakkiyar mamba, za a yi miki baftisma ta nutsarwa cikin ruwa. ECWA, wadda ta fito daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana koyar da cewa baftisma ta wanda ya ba da gaskiya ce, ya kuma furta da bakinsa. Jariri bai kai ga wannan ba, shi ya sa miƙa shi ga Ubangiji ake yi da addu'a.

Amma kada ki ɗauka ruwan ne zai cece ki. Ceto ta wurin alheri ne, ta bangaskiya ga Yesu Almasihu, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta nuna. Nima irin halin da kike ciki ya faru da ni. Na shiga ajin baftisma, dattawa suka zaunar da ni a benci bayan sujada suka ce in faɗi yadda na karɓi Yesu. Abin da ya fi mini wuya shi ne Mama, don ta ga kamar na raina baftismar da aka yi mini tun ina goye. Ki fara zuwa wurin iyayenki ki yi musu bayani cikin ladabi, ki gode musu, sannan ki ga fasto ya rubuta sunanki.