Maƙwabci ya riga ka ihun ƙwallo? Ga dalili

Tambaya: Malam, a fadarmu ta Bukoki nan Yamai, a waya muke kallon wasa. Amma kullum sai mun ji ihu daga gidan maƙwabta kafin mu ga ƙwallo ta shiga raga. Wayar ce ta gaji ko rezo ne?

Amsa: Ƙanena, wayarka lafiyarta lau. Hoton da ke zuwa ta intanet ana matse shi ne, a yanyanka shi guntu-guntu na ƴan daƙiƙu, sannan wayar ta tara wasu a ajiye kafin ta fara nuna maka, don kada hoton ya riƙa tsayawa idan rezo ya yi rauni. Wannan tarin ne ke sa ku baya, sau da yawa da rabin minti ko fiye. Mai tauraron ɗan'adam ya fi ku sauri duk da cewa saƙonsa sai ya hau sama kilomita wajen 36,000 ya sauko, tafiyar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Mai rediyo kuwa yakan riga kowa. Ku rufe manhajar ku sake buɗewa idan jinkirin ya taru, sauran kuma sai haƙuri.

Tambaya: Daga Tawa nake. Idan na tura wa ɗiyata saƙo da Hausa, sai a cire mini kuɗin saƙo biyu ko uku, alhali bai yi tsawo ba. Cuta ce?

Amsa: Hajiya, ba cutar ki aka yi ba. Tsarin SMS tsoho ne, saƙo na farko an tura shi ranar 3 ga Disamba 1992 a Ingila, kuma harufan Turai aka tanadar masa. Da su, saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba sa cikin jerin. Ko guda ɗaya kika sa, wayar za ta koma wani tsarin rubutu mai cin wuri, saƙon ya dawo harafi 70 kacal. Idan ya wuce haka, sai a raba shi kashi-kashi, kowanne da kuɗinsa. Hotunan nan na fuskar dariya ma haka suke yi, har da ê ta Faransanci. Ni dai ban so a bar harufanmu masu lanƙwasa saboda dala biyar ko goma. Doguwar magana ki tura ta WhatsApp, can ba a ƙirga harufa.

Tambaya: Wai da gaske akwai ƙwallon da ake yi wa caji?

Amsa: Da gaske ne. Al Rihla, wadda aka buga gasar cin kofin duniya ta 2022 da ita a Katar, tana da na'ura a tsakiyarta mai aika bayanin motsinta sau 500 a daƙiƙa, don taimaka wa alƙalai gano satar gida. Sai an cika batirinta kafin wasa.

Tambaya: Mun yi musu a kasuwar Katako, wace waya aka fi saya a tarihi? Abokina ya rantse iPhone ce.

Amsa: Idan samfuri ɗaya ake nufi, ya sha kaye. Nokia 1100 ce, mai ƴar fitila a ka, wadda ta fito a 2003 aka sayar da kimanin miliyan 250. Shayin yau a kansa yake.